Giɓi a Gwiwar Akuya

Ni na fara jin abin, domin a lokacin ina toya ƙosai a bakin titi, sama kaɗan da kwanar da muke kira Gwiwar Akuya. Tsakiyar damina ce, an kwana ana ruwa, gari ya waye gajimare ya sauko daga dutse ya kwanta a kan titi. Na ji babur yana gangarowa, na ji birki ya yi kuka. Sai na dakata da ludayi a hannu, ina jiran ƙarar nan da muka saba ji idan yaro ya gogi shingen ƙarfen gefen titi, ya tashi yana karkaɗe wando yana zagin uwar laka. Ban ji ta ba. Shiru na ji, shiru mai tsawo, sannan wani abu ya tarwatse can ƙasa cikin kwari.

Na bar mai a wuta na ruga. Da na isa kwanar, sai na ga abin da ya faru. An cire falle guda na shingen, daidai tsakiyar kwanar, wurin ya yi kamar bakin da aka fige wa haƙori.

Teri ne ya faɗa, ɗan Kuve, mai kai mutane kasuwar Mogode a babur. Waɗanda suka fara isa gare shi daga Unguwar Ƙasa sun ce ko shurawa bai yi ba.

Maigidana Vandu, Allah ya ji ƙansa, shi ne na biyu a wurin. Mai bin sawu ne. In an sace akuya ko saniya, ko an tsallaka iyaka da ita, shi ake kira. Ya zo da sandarsa, ya dubi ƙasa, sai ya gitta sandar a bakin giɓin.

"Duk wanda ya taka nan sai na karya masa ƙafa," in ji shi. "Mai son sauka ya zagaya ta rijiya."

Suka zagaya suna gunaguni. Shi kuwa ya sare ƙaya ya kewaye wurin.

Bari in gaya muku yadda ƙarfen nan ya zo, don ku san irin wutar da ke ƙasa. Shekarun baya wata motar gyaɗa ta kufce a kwanar, ta gangara har tsakar gidan Kuve, ta danne mijinta yana gyaran rumbu. Tun daga ranar Kuve ba ta zauna ba. Ta yi ta zarya ofishin masu titi har suka gaji da ganin fuskarta, suka zo suka kafa shingen. Unguwar Ƙasa ta yi guɗa. Mu na Unguwar Sama kuwa aka bar mu da tsallake: mace da tulu a ka, tsoho da sanda, akuya da 'ya'yanta. Abin da ya fi ci wa dattawa rai shi ne shingen ya datse Hanyar Kakanni, siririyar hanyar da ake sauka da gawawwakinmu zuwa makwanci. A da, idan mutum ya kusa, 'ya'yansa ke buɗe masa ita, su cire ciyawa da duwatsu, daga nan kuma ba wani jininsa da zai taka ta sai ya wuce, don wanda ya riga shi ya karɓi ranarsa. Da ƙarfe ya zo, sai aka koma ɗaga gawa ana miƙa ta sama kamar buhun masara. An yi zama, an yi zage-zage, an daina gaisawa a kasuwa. Ita Kuve ɗin kuwa 'yar Unguwar Sama ce, 'yar fari ta Tsoho Kwada. Ƙaninta Sunu, mai injin niƙa, ya sha roƙonta ta yarda a bar 'yar ƙofa. Amsarta kullum ɗaya ce: ƙofar da gawa za ta bi, mota ma za ta bi.

Kafin hantsi, samarin babur, abokan Teri, sun yanke hukunci. Wa ke son ƙarfe in ba maƙeri ba? A wurinmu maƙeri ne ke ƙera fartanya, shi ne kuma ke naɗe gawa ya ɗauke ta a kafaɗa. Ba ma cin kwano ɗaya da shi, ba ma ba shi 'ya, amma ba mai shiga rami sai ta hannunsa. Namu sunansa Deli, shi kaɗai ne a ƙauyen. Suka fasa maƙerarsa, suka tarar da sababbin fatanyu suna ƙyalli, suka jawo shi a ƙasa har gindin tsamiyar ƙofar Bulama, mai garinmu, suka ɗaure.

Kweji, babban abokin Teri, yana riƙe da kwalbar fetur.

"Ranka ya daɗe, ba mu zo shawara ba," ya ce wa Bulama. "Mun zo ne ka sani. Shi da maƙerarsa, yau sai toka."

"Ɗana, jandarma za su zo."

"Ta ina? Rafi ya cika, ko jaki ba ya haye shi. Sai ruwa ya janye, sannan su zo su sha shayi su sake shi?"

Bulama ya dubi maigidana, irin duban wanda ruwa ya kai wa wuya. Vandu ya nuna inuwar tsamiya da sanda.

"Ku ba ni har inuwar nan ta taɓa katanga. In ban kawo muku mai laifi ba, ni zan ƙyasta muku ashana."

Na ce a raina, tsohon nan ya haukace. Na sauke kaskona na bi shi.

A kwanar, ya durƙusa ya daɗe yana kallon lakar da ke bakin giɓin. Laushi gare ta kamar tuwon da aka kwashe yanzu. Ni dai ban ga komai ba sai layin tayar Teri guda ɗaya, ya miƙe ya ɓace a bakin gangare.

"Kwanye, me kika gani?"

"Ba komai."

"Ni ma shi na gani," in ji shi. "Shi ne ya dame ni."

Ya matsa gefe, inda shingen yake tsaye lafiya, ya shafa samansa. Laka ce a shafe, an taka da takalmin roba, an kuma taka da ƙafa ba takalmi, ƙarama. Ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya tsallaka, ya bi ciyawar da ta kwanta har bakin kwalbatin da ke ƙarƙashin titi. Ya leƙa, ya kira ni. Ga fallen ƙarfen nan a kwance a ciki, an ɗora shi a kan duwatsu don kada ruwa ya taɓa shi, an mayar da kowane noti a kan ƙusarsa.

"To ai shi ke nan," na ce. "Ɗazu mata ke cewa mai sayen tsohon ƙarfe ne da ya wuce da mota shekaranjiya. Ga ƙarfe bai je ko'ina ba."

"Ɓarawon da ke tausayin kaya haka, ban taɓa bin sawunsa ba."

Daga kwalbatin sawun ya dawo, ya sake tsallake shingen a wuri guda, ya hau kwalta. Kwalta kuwa ba ta riƙe sirrin kowa.

Muka koma gindin tsamiya. Labarin ganin ƙarfe ya riga mu, amma bai sanyaya kowa ba. Kweji ya ce ɓoyewa ya yi, zai dawo ya ɗauka in ƙura ta lafa. Deli yana zaune a ɗaure, leɓensa a fashe. Na ɗebo ruwa a tsohuwar ƙwaryar da ake ajiye wa maƙera, na kai masa baki.

"Fatanyun nan fa, Deli?" Vandu ya tambaye shi.

"Ƙarfen matacciyar tirela ne, Baba Vandu. A kasuwa na saya, a kan jakin Bulama ma aka kawo min shi. Na faɗa musu, suka ce in rufe baki."

"Jiya ka fita?"

"In je ina cikin ruwan nan? Ni da aka ce in zauna kusa da gida. Tun farkon damina gidan Tsoho Kwada suka aiko in shirya, na ɗame ganga, na jeme fata, har yau shiru. Tsohon ya ƙi tafiya, ya ƙi zama." Ya haɗiye ruwa, ya rage murya. "Ni ba wutar ce ke damuna ba. Teri fa? Tun safe yana kwance a zaure, rana tana yi. Wa zai naɗe shi? Su da ko yatsarsa ba za su iya taɓawa ba?"

 Kweji ya kawar da kai.

Daga nan sai gidan Zra. Shi ne mai garken awaki mafi yawa a Unguwar Sama, shi ne kuma ya taɓa hawa kan benci ranar kasuwa ya rantse sai ya tumɓuke ƙarfen nan ya yi wa awakinsa turke da shi. Muka same shi a kan tabarma, ƙafa ɗaya a naɗe da tsumma, ta kumbura ta yi kamar turmi.

"Na san za ka zo, karen farauta," ya ce. "Shigo ka shinshina."

"Me ya sami ƙafar?"

"Tambayi ƙarfen Kuve. Wajen tsallake shi na zame, tun kasuwar da ta wuce. Ko bayan gida sai an riƙe ni." Ya kwance tsumman, warin ya sa na ja da baya. "Ka ji ni da kyau, Vandu. Da ni ne, da rana tsaka zan cire shi, in kira mai kalangu. Amma Teri? Yaron da ya goya ni a babur har asibiti bai karɓi ko sisi ba?" Sai ya juya fuska bango.

Da muka fito, inuwa ta ci rabin fili. Na ce wa maigidana mu yi sauri, sai ya ce a'a, mu biya mu gai da mara lafiya. Na ce yanzu? Ya ce yanzu.

Gidan Tsoho Kwada shiru, injin niƙa a kashe. Masi, matar Sunu, ta tare mu a ƙofar ɗaki, idanunta jajur. Ta ce maigidan ya sauka wurin yayarsa zaman makoki.

"Ta wace hanya ya bi?" in ji Vandu.

"Ta rijiya, Baba. Kamar kowa."

Ɗakin duhu, sai warin magani da na jikin da ya daɗe a kwance. Tsohon ya ƙare, sai ƙashi da ido. Da ya ji motsinmu, ya ɗaga yatsa.

"An buɗe?" ya ce, da wata murya kamar ana jan busasshen kara a ƙasa. "An buɗe min?"

"Yi shiru, Baba, baƙi ne," Masi ta yi maza ta ce. Ta juyo gare mu. "Haka yake yi dare da rana. Ba ya ci, ba ya barci. Hankalin ya tafi."

"Ya san abin da ya sami jikansa?" in ji Vandu.

"Ba mu gaya masa ba."

 Idon Vandu yana ƙasa, a kan ƙafafunta. Ba takalmi, ƙanana. Ta ja zani ta rufe su.

Muka fito. Sai da muka kusa tsamiya ya ce, "Kwanye, da ma a ce maƙerin ne."

Inuwa saura taki ta taɓa katanga. Samari sun tara kara a ƙofar maƙera, matar Deli da 'ya'yanta sun gudu cikin duwatsu. Vandu ya ce wa Bulama a tara kowa a Gwiwar Akuya, a zo da Deli a ɗaure yadda yake, a ɗauko Zra ko a goye ne, a kuma kira Kuve da ƙaninta.

Aka cika titi, Unguwar Sama a gefe, Unguwar Ƙasa a gefe, ba mai kallon wani. Gajimare ya sake haɗowa, iska ta tsaya. Kuve ta zo da zani a ɗaure a ƙugu, fuskarta a bushe, Sunu yana riƙe da hannunta.

Vandu ya janye ƙayar da ya kewaye giɓin da ita.

"Na ga sawu a can ƙasa," ya ce. "Ina so in gwada. Duk wanda na kira, ya bi ta nan ya sauka kaɗan ya dawo, laka ta ɗauki ƙafarsa. Maƙeri, fara."

Deli ya wuce ta giɓin hannu a ɗaure, ya sauka, ya dawo, ko ƙasa bai kalla ba. Aka riƙe Zra ya yi tsalle da ƙafa ɗaya yana zagin kowa. Kweji ya wuce da kwalbarsa. Har ni tsohon nan ya kira, na harare shi na wuce.

"Sunu."

Sunu ya saki hannun yayarsa. Ya tako har bakin kwalta ya tsaya.

"Baba Vandu, ga laka nan ma a gefe. Bari in taka maka a nan."

"Ta nan nake so."

"Ai laka duk laka ce."

"To in duk ɗaya ce, taka wannan."

Bai motsa ba. Gumi yana bin wuyansa alhali gari da sanyi. Mutane suka fara duban juna. Kuve ce ta gaji.

"Wai me kake jira, Sunu? Ɗana yana kwance ƙuda na binsa, kai kana tsoron ɓata takalmi? In sawu ake so, ga nawa. Zo mu wuce tare, a gama."

Ta nufi giɓin. Ƙafarta ta ɗaga ke nan, Sunu ya yi kukan kura ya cafke ta ta ƙugu, ya fizgo ta baya har suka zube tare a kan kwalta.

"Yaya, kada ki taka!" ya yi ihu. "Kada ki taka, Baba bai wuce ba!"

Wallahi, 'ya'yana, ban taɓa jin shiru irin na lokacin ba. Har kukan ruwa a cikin kwalbati ana ji.

Vandu ya jingina da sandarsa, ya yi magana a hankali. Ya ce mutum biyu ne suka kwance ƙarfen, suka ɗauke shi za su ɓoye a kwalbati. Ga ƙofa sun buɗe da hannunsu, a fili, ga kaya mai nauyi a kafaɗa, ga santsi. Amma ba su bi ta ƙofar ba. Suka matsa gefe suka tsallake shinge da kayan, da suka dawo ma suka sake tsallakewa.

"Ɓarawo da ya bi ta giɓi. Maƙeri kuwa hanyar matattu hanyarsa ce, ba abin da zai hana shi takawa. Mutum ɗaya ne zai buɗe Hanyar Kakanni ya ji tsoron sa ƙafa a kanta: wanda ya buɗe wa nasa. Ɗan gidan da matarsa, wadda ba za ta bi inda mijinta ya ƙi bi ba."

Masi ta faɗi ƙasa tana birgima. Sunu yana durƙushe, bai saki zanin yayarsa ba.

"Ya ƙi mutuwa, Yaya," ya ce. "Ke ba kya kwana a gidan. Bayansa duk ya zama gyambo. Kullum sai ya riƙe hannuna ya ce an rufe masa hanya, ba za a miƙa shi sama kamar buhu ba. Na ce in buɗe masa na kwana ɗaya, ya samu ya tafi, in mayar. Ko noti ban yar ba. Na ce ruwa ake yi, ba mai fitowa da sassafe..."

"Da suka ɗaure maƙeri fa?" in ji Bulama. "Kana ina?"



Kuve ta zare zaninta daga hannun Sunu, yatsa bayan yatsa. Ba ta mare shi ba, ba ta yi kuka ba.

"Ka buɗe wa Baba hanya," ta ce. "Jininsa ya bi. Teri ya karɓi ranar kakansa." Ta juya ga samarin. "Ku ɗauko ƙarfen. Sunu ne zai ɗaura da hannunsa, ina kallo, kafin jandarma su zo."

Kweji ya ajiye kwalbar fetur a gefen titi kamar tana ƙona shi. Shi ya kwance Deli, igiyar ta ƙi, sai da ya sa haƙori. Ya buɗe baki zai yi magana, Deli bai tsaya ji ba. Ya murza wuyan hannunsa inda igiya ta ci, ya dubi sama.

"A kawo min fata da ruwa," ya ce. "Yaron nan ya daɗe a kwance."

Fatar da ya jeme wa kakan, ita ya naɗe jikan da ita.

Da yamma rafi ya janye, jandarma suka tafi da Sunu da Masi. Ba wanda ya rage a gidan, sai Kuve ta hau ta karɓi jinyar ubanta. Ni na raka ta ranar farko. Muna shiga ya ɗaga yatsan nan.

"An buɗe?"

 Kuve ta zauna, ta ɗora kansa a cinyarta.

"An buɗe, Baba. An wuce. An rufe."

Ko ya gane, ko bai gane ba, Allah ne ya sani. Bai sake tambaya ba dai, kuma bai ga girbi ba.

Ranar da aka sauko da shi, duk ƙauyen yana biye, ganga na tashi. Deli ya zo da tsohon a kafaɗa har gaban shingen, ya tsaya. Aka miƙo hannuwa daga ƙetare, 'yan'uwansa maƙera da suka zo daga wani ƙauye, don a karɓi gawar ta sama yadda aka saba. Deli bai miƙa ba. Ya tsaya kawai, gawa a wuyansa, tabon igiya a hannunsa, yana kallon ƙarfen.

Sai Kweji ya fito daga cikin mutane, ya durƙusa a gindin shingen, ya dafa ƙasa da hannu biyu. Wani abokin Teri ya tsallaka ya durƙusa ta can. Deli ya taka bayan na farko, ya haye, ya sauka a bayan na biyu, tsohon yana zaune a kafaɗarsa bai taɓa ƙarfe ba, ba a kuma miƙa shi kamar buhu ba.

Kuve ba ta bi su ba. Ta tsaya a kan titi, hannunta a kan fallen da aka mayar, tana girgiza shi a hankali, tana ji ko ya ɗauru.